Akun da Baban Khalifa ya sayo a hanyar Ikom

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, kuma don Allah a riƙe dariyar sai na kai aya. Sati uku ke nan na sauke albasa a Kalaba, na yo lodin manja zan dawo. Mun wuce Ikom kaɗan muka tsaya canjin taya, sai ga wani yaro da kwali a ka, an huhhuda shi. Aku ne a ciki, mai ruwan toka da jan bindi. Autata ta daɗe tana yi mini nacin aku, sai na taya, ya sallama. To tun da muka iso Kano tsuntsun nan bai ce uffan ba. In ka matso kusa da kejin sai ya yi wani gurnani kamar ana jan tsohon ƙyaure. Dawa ba ya kallonta, gyaɗa sai ya ga dama. Yanzu kuma ya koma tsige gashin ƙirjinsa da bakinsa, wurin ya yi tal kamar kazar da aka fige. Ɗan yayata da ke jami'a ya leƙo jiya, ya ce wai laifi na aikata, za a iya kama ni. Ni dai tun muna yara muke ganin aku a gidajen masu hali. Yaushe ya zama kayan laifi? Kuma me zan ba shi ya daina wannan abin?

Alhaji Mai Katako:
Direba, ka ɗauko ɗan kurmi ka dire shi a Kano tsakiyar hunturu, ka miƙa masa dawa, sannan kana jiran gaisuwa? Ko ni aka yi wa haka sai na yi gurnani. Ka ba shi lokaci, Hausar ce bai fara ji ba.

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam. Baban Khalifa, ɗan yayarka bai yi ƙarya ba, ko da yake ya ɗan tsorata ka da yawa. Akwai yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran dawa, CITES, kuma Najeriya tana ciki. A taron da aka yi a Johannesburg a 2016 aka mayar da wannan akun sahun da aka haramta cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa, hanin ya fara aiki a farkon 2017. A gida ma muna da dokar kare dabbobin da ke neman ƙarewa tun 1985, an yi mata gyara a 2016. Ba a jin labarinta ne kawai, saboda ba a cika aiki da ita ba.

Abin da ya sa aka kai ga haka: aku ba kurciya ba ne da za ta yi ta ƙyanƙyasa a kowace bishiya. Sai ya samu kogo a jikin tsohuwar bishiya, can sama, yake yin gida. Ƙwai kaɗan yake yi, kuma sai ya yi shekaru kafin ya fara. To ana sare tsofaffin itatuwan, ana kuma kwashe tsuntsayen. Gurnanin da kake ji alama ce ta wanda aka kamo da girmansa. Tsigar gashin kuma damuwa ce. A daji garke-garke suke kwana, ɗaruruwa a wuri ɗaya, ga abokiyar zama da ba a rabuwa da ita. Yau ya wayi gari shi kaɗai a keji, iska ta bushe ƙayau.

Ɗan Bogobiri:
Malama ta faɗi gaskiya. Shekarata goma sha a Kalaba, na ga yadda ake kamun. Danƙo ake dafawa a shafe tsinkaye da shi, a hau bishiyar da suke sauka a soka, a ɗaure wani aku na gida a tsakiya yana ta kuka. 'Yan'uwansa na jin kukan sai su sauko, fukafukai su manne, su faɗo. Mai kamun ya bi ya tsince. Daga nan a cusa su a akwati kamar tumatir. Na taɓa ganin an buɗe irin akwatin a bayan wata tasha, na ƙasa duk sun mutu, an tattake su, mai kayan yana ware masu rai yana jefar da sauran a kwata ko a jikinsa. Wanda ya iso hannunka, Direba, ka ƙaddara ya bar 'yan'uwa a hanya.

Baban Khalifa:
Inna lillahi. Wallahi yaron ce mini ya yi a gida aka haife shi.

Ɗan Bogobiri:
Duk haka suke cewa, Yaya.

Hajiya 'Yar Zango:
Ina gaishe ku daga Kumasi. Mu nan mun riga ku ganin ƙarshen abin. Iyayenmu suna ba da labarin yadda aku ke wucewa da yamma garke guda, kukansu ya cika gari. Masu bincike da suka zagaya wuraren kwanansu sun fitar da sakamako wajen 2016, suka ce daga 1992 Ghana ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari na akunta. Jikokina ba su taɓa ganin aku yana tashi a sama ba, sai a keji. Kuma ba yaƙi aka yi ba, ba annoba ba. Ɗaya-ɗaya aka sayar.

Ɗan Maraɗi:
Ku yi mini haƙuri, ni dai abin yana ba ni mamaki. Mutane na kwana da yunwa, 'yan bindiga sun hana noma, an tashi garuruwa, mu kuma mun zauna zaman makokin tsuntsu. Yaron da ya sayar da akun nan ba don nishaɗi ya hau icce ba. In aku ya ƙare a duniya, buhun hatsi zai ƙara kuɗi ne? Wannan damuwar Turawa ce da suka ƙoshi. Su da suka gama cinye nasu dajin.

Malam Na-Serti:
Ɗan Maraɗi, tambayarka tana kan hanya, ba zan ce maka a'a da baki ɗaya ba. Bari tsoho ya ɗan yi surutu. Na yi shekaru ina yi wa baƙi jagora a dajin Gashaka na Taraba, kuma na taɓa shiga kurmin Oban na Kuros Riba sau biyu. Mu mutanen Arewa in muka ce kurmi, abin da ke zuwa mana a rai itatuwa ne masu duhu, shi ke nan. Abin da ban gane ba sai da na kwana a ciki shi ne, kurmi gona ce, manomanta kuwa dabbobi ne.

A dajinmu na Arewa iska tana yi wa ciyawa da itatuwa da yawa aikin watsa iri. A ƙarƙashin kurmi iska ba ta motsi, ko ashana ka ƙyasta harshen wutar a tsaye yake. Yawancin itatuwan 'ya'ya suke yi masu zaƙi, su jira mai ci. Ɗan da ya faɗo gindin uwarsa da wuya ya yi rai: inuwa ta yi masa yawa, ƙwari da ruɓa da suka saba da uwar suna nan suna jiransa. Sai wanda biri ko cilakowa ko jemage ya haɗiye ya kai nesa ya kasayar, da takinsa a jiki, shi ke zama bishiya.

Akwai wata 'yar'uwar aduwarmu a kurmi, doguwa ƙwarai, 'ya'yanta sun kai girman mangwaro. Ba mai iya haɗiye ƙwallon sai giwa. Inda giwa ta ƙare, za ka tarar da 'ya'yan tuli a gindin bishiyar suna ruɓewa, ga uwa tsaye lafiya lau, amma babu 'ya ko ɗaya a dajin. Mai wucewa a mota zai ce kurmi na nan kore shar. Alhali tsofaffi ne zalla, gari ne da aka daina haihuwa.

Giwar kurmi kuwa daban take da ta Yankari: ta fi ƙanƙanta, kunnuwanta zagayayyu, haurenta ya miƙe ƙasa. Masu binciken da suka daɗe suna bin su a Dzanga, a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, sun gano sai ta kai wajen shekara 23 take haihuwar fari, tsakanin haihuwa da haihuwa shekara 5 zuwa 6. A 2021 aka sanya ta cikin masu dab da ƙarewa, bayan yawanta ya ragu da fiye da kashi 86 cikin ɗari a shekara 31. Harsashi ɗaya na minti ɗaya, mayar da gurbinsa aikin zuriya guda ne.

Aku shi ba babban mashuki ba ne, don yakan fasa ƙwallo ya cinye. Amma in ka ga aku ya ɓace daga wuri, to manyan itatuwa masu kogo sun tafi, kuma mafarauta sun san hanyar wurin. Ruwa ba ya tsami banza.

Baban Khalifa:
Allah ya ƙara sani Baba. Wato kashin giwa ma aiki yake yi. To goggon birin da ake cewa akwai a Kuros Riba gaskiya ne? Ni tun labarin wanda aka ce ya haɗiye miliyoyi a gidan zoo na Kano a 2019 na daina yarda da zancen goggon biri.

Malam Na-Serti:
Hhh, ai wancan daga baya gwamna da kansa ya ce babu irin wannan dabbar a gidan. Matsalar sunan ce: mu kowane ƙaton biri goggo muke ce masa. Bika daban, shi ne na kan duwatsu mai bakin kare. Wanda Bature ke kira cimfanzi, mu a Gashaka biri mai ganga muke ce masa, saboda yana dukan saiwoyin nan masu faɗi irin na rimi da hannu da ƙafa, ka ji kamar ana kiɗa a ƙauye na gaba. Gorila kuma shi ne babbansu, ba shi a Gashaka, sai Kuros Riba.

Maman Ilham:
Yana nan, amma saura ƙiris. Gorilar Kuros Riba ba su kai 300 ba a duk duniya, kuma a kan iyakar Najeriya da Kamaru kaɗai suke. A ɓangarenmu wuri uku ne: tsaunin Afi, tsaunukan Mbe, da Okwangwo cikin gandun dajin ƙasa na Kuros Riba da aka kafa a 1991. A Kamaru akwai Takamanda da wasu tsaunuka. Tsabar farautar da suka sha ta sa sun haye wuraren da mutum ba ya iya hawa sai da rarrafe. Masu gadinsu ma sukan yi shekaru ba su gan su ido da ido ba, sai dai su ƙirga shimfiɗar ganyen da suke yi su kwana a kai kowane dare. A watan Yulin 2020 ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta fitar da hotunan da kyamarar da aka ɗaure a bishiya ta ɗauka a Mbe, ga iyaye mata da jarirai a baya. Mace ɗaya sai wajen shekara huɗu take sake haihuwa, shi ya sa hoton ya zama labari.

Ɗan Maraɗi kuma, ka ce ina ruwan buhun hatsi. Shiga kicin ɗin uwargida ka buɗe gwangwanin kayan yaji. Kimba 'ya'yan itacen kurmi ce. Masoro a jikin itatuwan kurmi yake naɗewa. Citta mai 'ya'ya a inuwar kurmi take fita, kuma danginta na cikin abincin da gorila ya fi so. Namijin goro haka. Goron da ba a ɗaura aure ko raɗa suna sai da shi, kakanninmu wata da watanni suke tafiya da jakuna zuwa Gwanja su saro shi a Salaga, daga kurmin Asante yake fitowa. Kunun mai jego ma bai haɗuwa sai da kayan kurmi. Ba na cewa aku ne ke shuka kimba. Cewa nake gidan ɗaya ne, kuma mun fi ɗaruruwan shekaru muna ci daga cikinsa.

Alhaji Mai Katako:
To yanzu zan ajiye wasa, don na ga zancen yana gangarowa kaina. Shekara talatin ina sana'ar katako. Duk wanda ya yi magana a zauren nan, a ƙarƙashin rufi yake rubutu, kuma rufin nan ba da kara aka ɗaura shi ba. Tu-bai-tu da tu-bai-fo ɗin da ke riƙe da kwanon gidanku, ƙofa, gado, bencin makarantar da Malama ke koyarwa, daga ina? Obeche da afara da loko ba a Dawanau suke tsirowa ba. Kowa na son katako mai arha, in an zo zagi kuma sai a nuna mai katako.

Jihar Kuros Riba ta hana sare itace gaba ɗaya a 2008, zamanin Gwamna Liyel Imoke. An fi shekara goma a haka. Sara ta tsaya? Wallahi ba ta tsaya ba. Abin da ya canja kawai, mai takarda da ke biyan haraji ya koma gefe, mai shiga da dare ya karɓi filin, kuɗin da zai shiga asusun gwamnati ya koma aljihun masu shinge a hanya. Direba yana nan, ya faɗa in ƙarya nake. Ni ra'ayina, a bar mutane su sara bisa ƙa'ida: a ƙirga itatuwa, a sa wa wanda ya isa sara alama, a bar masu iri, a rufe yankin shekaru ya huta. Da can haka malaman daji suke yi. Hani na baki ɗaya ɓarawo kaɗai yake yi wa rana.

Baban Khalifa:
Maganar shinge kam ba ƙarya. Ban taɓa ganin an juyo da motar katako ba, sai dai a daidaita.

Maman Ilham:
Alhaji, Allah ya ƙara arziki, rabin maganarka na karɓa. Katako dole ne, kuma hanin da babu mai tsaron sa wasa ne. Inda muka rabu: ɓarnar ba a bishiyar da aka sara take tsayawa ba. Don a fito da loko ɗaya sai an fasa hanya. Motarku na fita, mai babur da bindiga yana shiga. Bayansa mai tarkon waya, wanda zai kafa ɗaruruwa don gada da beguwa, amma waya ba ta tambayar suna, har hannun ɗan gorila tana guntulewa. Bayansa mai gona. Cikin 'yan shekaru inda ake kwana uku a ƙafa kafin a kai ya zama tafiyar awa ɗaya.

Ku ɗauki ɗankunya, dabbar nan mai ɓawo a jiki da ke dunƙulewa in ta ji tsoro. Gara da tururuwa take ci, ɗa ɗaya take haifa. Dunƙulewar tana kare ta daga damisa, amma mutum sai ya sunkuya ya ɗauka kamar ƙwallo. A watan Afrilun 2019 jami'an Singafo sun kama kwantena biyu cikin mako guda, kowace da sama da tan 12 na ɓawonta, daga Najeriya za a kai Biyetnam. Ɗaya an rubuta naman sanyi ne, ɗayar an rubuta irin tafasa. Tafasarmu ta bayan gari aka fake da ita! Ɓawon nan kuwa sinadarinsa ɗaya da farcen hannunka. Ba duka a dajinmu aka kashe su ba, daga Kamaru da Kwango da maƙwabta ake tattarowa, tashar Legas ta zama ƙofa.

Alhaji Mai Katako:
To wannan ai ba mai katako ba ne, Malama. Laifin wani ba ya hawa kan wani.

Maman Ilham:
Ban ce kai ka kama ba, Alhaji. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar nake magana.

Ɗan Bogobiri:
Ni a ganina ku biyun kun bar babban a baya. Koko, wanda ake yin cakulan da shi. Tun da farashinsa ya haura dala 10,000 kan tan ɗaya a 2024, duk saurayin da ke Ikom da Boki da Etung gona yake nema. Mai katako bishiya yake zaɓa, mai koko share wurin yake yi. Kuma ƙasar kurmi tana da yaudara. Ka ga itatuwa sun yi sama ka ce taki ne jibge, alhali arzikin yana jikin itatuwan da ganyen da ke ruɓewa a sama-sama. Ruwan Kalaba yana kai milimita 3,000 a shekara, Kano ba ta cika kai 1,000 ba. In ka tone inuwar, ruwan nan zai wanke ƙasar, bayan 'yan shekaru ta gaji, sai a ƙara gaba.

Amma kafin a zagi manomi, a zo a ga ƙauyukan da gandun daji ya zagaye, irin su Okwa da Okwangwo. An shata gandu suna ciki, an yi musu zancen sauya matsuguni da abubuwan more rayuwa, shekara talatin ke nan suna jira. Mace na naƙuda a ɗauko ta a kafaɗa a ratsa rafi. Giwa ko biri ya shiga gonar ayaba ya gama da ita a dare ɗaya, in ka harba kai ne mai laifi. Ga 'yan gudun hijira da rikicin yankin Ingilishi na Kamaru ya koro, su ma ci za su yi. Wanda ke Abuja ko Landan shi ke son gorila, wanda ke gindin dutsen shi ke biyan kuɗin.

Sai kuma gwamnati da kanta. A 2015 Gwamna Ben Ayade ya fito da shirin babban titi mai tsawon kilomita 260 daga gaɓar teku zuwa iyakar Binuwai. A farkon 2016 aka sanar da ƙwace filin kilomita 10 dama da hagu na titin. Wane titi ne ke buƙatar faɗin kilomita 20? Kowa ya san katakon ake kallo. Mutanen ƙauyukan Ekuri, da abin ya shafi dajinsu, su ne suka tsaya kai da fata. Su dama suna da tarihi: dajinsu na gado ya haura hekta 33,000, kamfanonin katako sun yi musu tayin hanya a musaya da itace suka ƙi, suka fasa tasu da hannunsu, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba su lambar yabo a 2004. Suka yi ta zanga-zanga da koke, a 2017 gwamnati ta janye ƙwacen. Har ya sauka a 2023 titin bai tabbata ba, sai dai inda katafila ta riga ta bi ta bi.

Ɗan Maraɗi:
To yanzu kun zo inda nake jin ku. Zancen Ekuri ya yi kama da namu. Da can a Nijar icce na gwamnati ne ko a gonarka ya tsiro, in ka taɓa a ci ka tara. Sai manomi ya riƙa kashe shi tun yana ƙarami don kada ya jawo masa malamin daji. Daga shekarun 1980, bayan babban fari, aka fara barin kututture ya toho a gyara shi, kuma a hankali hukuma ta sakar wa manomi iccen gonarsa. Yau a jihohin Maraɗi da Damagaram ana maganar hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200, da gawo mai yawa a ciki, ba wanda ya dasa su da kuɗin Bature. Mahaifina ko reshe ka sara a gonarsa sai kun je gaban mai gari. Har yanzu ban sauka daga maganata ba: mai yunwa ba ya gadin tsuntsu. Amma yana gadin abinsa.

Malam Na-Serti:
Shi ya sa na fi sa rai da Mbe a kan wuraren da ke da allo da tuta. Tsaunukan Mbe ba gandun gwamnati ba ne, na ƙauyuka tara ne, suka haɗa ƙungiya, suka shata inda ba a noma ba a farauta. Masu gadin 'ya'yansu ne, da yawansu tsofaffin mafarauta, waɗanda suka san kowace hanya don su suka fasa ta. Wanda aka kama, a gaban dattawan garinsu zai tsaya. Amma kada in yi muku daɗin baki: albashin masu gadin daga waje yake zuwa. Ran da mai bayarwa ya gaji, ban san me zai faru ba, kuma koko ba ya gajiya. Sannan gawo da kurmi ba ɗaya ba ne, ɗana. Gawo yana ƙara wa gero yabanya, manomi yana gani da idonsa a damina ɗaya. Gorila ba ya ƙara wa kowa komai da zai auna a tiya.

A Gashaka abin da ya taimaki biri mai ganga har da cewa yawancin mutanen wurin ba sa cin naman biri. Ba doka ce ta hana su ba. Amma da masu saye daga nesa suka fara zuwa, sai ka ga wanda ba ya ci yana harbi ya ƙyafe ya sayar.

Hajiya 'Yar Zango:
Baba, zancen mashuka da ka yi ya tuna mini da jemagun Ankara. Duk wanda ya bi ta wajen asibitin sojoji na 37 ya san su, dubbai a kan itatuwan bakin titi, da magariba su rufe sama. Mutane na tsinar su saboda kashi a kan mota. An ɗaura wa wasu na'ura aka bi sawunsu, aka ga suna iya kai iri har kilomita 75 a dare ɗaya, kuma loko na cikin abin da suke shukawa. Alhaji, ka ji ma'aikatanka da ba ka biya.

Alhaji Mai Katako:
Hajiya, in dai jemage ne a bar shi inda yake. Tun 2014 da muka yi wankan ruwan gishiri da tsakar dare saboda Ebola ba na son jin sunansa.

Hajiya 'Yar Zango:
Ai barin nasa inda yake shi ne maganin, masu kamawa su ƙyafe su ne ke jawo mana. Mu yanzu namu tashin hankalin galamsey ne, masu haƙar zinari. Kogin Pra da Offin sun koma kamar kunun kanwa. Dajin Atewa kuma, inda kogunan Densu da Birim da Ayensu suke fitowa, ana son haƙar ma'adinin alminiyam a ciki, alhali daga Densu ake ba wa rabin Ankara ruwa. Wannan ba sai an yi wa mai yunwa bayani ba, famfo ne zai gaya masa.

Baban Khalifa:
Jama'a na gode, na sha karatu, amma kun bar ni da tsuntsu a hannu. In buɗe kejin in sake shi ne? Yarinyar ma tsoronsa take ji yanzu.

Malam Na-Serti:
Kul, kada ka sake shi a Kano. Bai san abincin nan ba, ga shirwa, ga yara da danƙo, kwana uku ba zai yi ba. Kuma kada ka sayar, wanda ya saya gobe zai aika a kamo masa na biyu.

Maman Ilham:
Kafin a samu mafita: ka nemo masa 'ya'yan kwakwar manja ɗanye, shi ne abincinsa na gida, masu manja a Sabon Gari za su samo maka. Ka haɗa da gwanda, ayaba, ɗanyen masara, gyaɗa kaɗan wadda ba ta yi fumfuna ba. Kada a ba shi fiya, guba ce gare shi, haka abin da ke da gishiri. A ɗauke kejin daga iskar hunturu, a rufe gefe ɗaya da zane ya samu wurin ɓuya, a riƙa fesa masa ruwa mai ɗumi da hantsi. A sa masa ɗanyen reshe ya yi ta ɓarza, ya fi ya ɓarji jikinsa. Yara su daina zungurarsa don ya yi magana. Likitan dabbobi ya duba shi, don wani lokacin ciwo ne ke sa tsigar.

Ɗan Bogobiri:
A nan Kalaba akwai ƙungiyar Pandrillus, tun 1991 suke karɓar biran da aka ƙwato daga hannun mafarauta, suna da wuri a gari da wani a Afi. A Limbe ta Kamaru ma akwai cibiyar da ke jinyar akun da aka kama, in gashinsu ya fito a sake su garke guda. Zan taka in tambaya ko za su karɓa, ko su faɗi inda za a kai. Yaushe za ka sake saukowa, Yaya?

Baban Khalifa:
Bayan sati biyu in Allah ya kai mu, in an samu lodi. Sai dai ina tsoron shinge. Da na taho da shi ba wanda ya tambaye ni, kar in je mayarwa a ce ni ne dillalin.

Maman Ilham:
Ka bari Ɗan Bogobiri ya fara jin ta bakinsu, in da takarda su rubuto maka ka riƙe.

Alhaji Mai Katako:
Ka turo yaro shago gobe da safe, zan sa a haɗa masa keji mai faɗi da ragowar afara, kyauta. Malama kada ki ce komai.

Maman Ilham:
Ban ce ba, Alhaji. Allah ya saka. A dai bar katakon haka, kada a shafa masa fenti, zai ci.

Baban Khalifa:
An samo kwakwar, uwargida ta aika Sabon Gari. Ya riƙe ɗaya da ƙafa yana ci, bakinsa duk ya yi ja. Ɗazu kuma da na tayar da mota a ƙofar gida sai muka ji ƙarar ribas daga cikin ɗaki, tit, tit, tit, har yaron mota ya leƙa baya.